Yadda Ake Cin Moriyar Tsohon Kafet Lokacin Gyaran Gida a Makka da Jidda

Da zarar Sha'aban ya kama, duk wanda ya ratsa lungunan Shara Mansur ko Hindawiyya a Makka, ko unguwannin kudancin Jidda, zai riƙa cin karo da naɗaɗɗen kafet jingine da akwatin shara. Lokacin ne mutanenmu ke fenti, su sake labule, su canja shimfiɗar majalisa kafin azumi ya shigo da baƙinsa. Abin da ke damuna shi ne yawancin kafet ɗin nan da sauran ransa. Tsakiyarsa ce ta cinye inda ƙafa ke bi, ko shayi da gahawa sun yi masa tabo ta gefe guda, amma ƙarƙashin kujeru da bayan kabad lafiyarsa lau. Sai a yayyanka shi ba lissafi, a ja shi a ƙasa ta matakala, a yar inda ruwan shara ke tsiyaya. Kafin gari ya waye, abin da zai yi wa wani gida shekaru ya zama bola.

Makomar tsohon kafet a cikin ɗaki ake yanke ta, tun wuƙa ba ta taɓa shi ba. Shi ya sa rabin bayanin nan a kan dubawa da rarrabewa yake, kafin a zo ga cirewa.

Da farko, na wane ne?

Mafi yawanmu haya muke zaune. Idan ka tarar da kafet ɗin a gidan ranar da ka tare, na mai gida ne har sai ya ce ba ya so. Duba yarjejeniyarku ta haya da ke Ejar, dandalin rajistar haya na gwamnati, sannan ka kira shi ko wakilinsa ka ce, "Alhaji, kafet ɗin falo ya gaji, ina so in cire in sa sabo da kuɗina. In ajiye maka tsohon ne ko in yi yadda na ga dama da shi?" Amsar da ya bayar ta kasance a rubuce, ko da saƙon WhatsApp ne, kuma ka ɗauki hoton ɗakin. Ranar tashi daga gida ba ranar jayayya a kan tsohon kafet ba ce.

Duba lafiyarsa, kuma ka gaya wa kanka gaskiya

Fitar da kaya daga ɗakin, ka buɗe taga, ka yi dubawar da rana. Kada ka tsaya a kan abin da ido ke gani daga sama. Ɗaga kusurwa huɗu ka leƙa bayansa, musamman kusurwar da ke ƙarƙashin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da wadda ke jikin bangon banɗaki. A Jidda danshin teku da ɗigar na'urar sanyaya ɗaki su ne manyan masu kashe kafet. Jiƙaƙƙen kafet da bai bushe ba cikin kwana ɗaya zuwa biyu yakan fara funfuna, kuma daga baya take farawa, inda ba mai gani. Baƙaƙen ɗige-ɗige, ko kore-kore, ko warin rima da ke bugun hanci, duk alamarta ce. Wurin da ta kama ka zagaye shi da alli, ka ƙara taƙi biyu ta kowane gefe. Wannan yankin ya fita daga lissafi.

Sai ka lanƙwasa gefen kafet ɗin da hannu. Idan bayansa ya tsage yana zubar da farin gari, ko zaren yana zarewa da ɗan ja kaɗan, gam ɗin da ya riƙe shi ya mutu. Irin wannan ba ya jure wanki, sai dai ƙananan ayyuka na waje.

Abu uku ne ba na sassauci a kansu. Kafet ɗin da ruwan masai ya malala a kansa. Kafet ɗin da ambaliyar titi ta shiga, irin wadda Jidda ta gani a Nuwamban 2009 da Janairun 2011 da kuma Nuwamban 2022, domin ruwan titi yana haɗe da na kwatami. Sai kafet ɗin ɗakin da kuɗin cizo ya kama. Kuɗin cizo yana ɓuya a gefen kafet ta jikin bango, ka nemi ƙananan baƙaƙen ɗigo da fararen ƙwai da saɓarsa. Wasu na cewa a shanya a rufin gida rana ta kashe shi. Gaskiya ne zafin da ya kai digiri 50 yana kashe shi har da ƙwansa, amma sai zafin ya ratsa kowane lungu ya kuma daɗe, kuma ƙasan kafet mai kauri yakan zauna da sanyinsa ƙwarin su koma can. Gidan da ya taɓa fama da kuɗin cizo ya san kuɗin feshi da rashin barcin da ke ciki. Bai kamata a kai wa maƙwabci wannan da sunan kyauta ba. Aya ta 267 a Suratul Baƙara ta hana mutum ya zaɓi mummunan abin da shi kansa ba zai karɓa ba sai da runtse ido, ya ce shi zai bayar.

Da ka gama dubawa, kafet ɗinka ya rabu kashi uku: wanda zai ci gaba da zama shimfiɗa, wanda za a yanka a yi wasu ayyuka da shi, da wanda za a zubar. Sau da yawa ɗaki ɗaya yakan ba da duka ukun.

Gane irin zarensa

Yawancin mokit, wato kafet ɗin da ake malala ɗaki da shi a ƙasar nan, wanda ake yankowa daga naɗi mai faɗin mita 4, zaren roba ne. Mafi yawa polifirofilin, irin robar da masana'antun Jubail da Yanbu ke sarrafawa daga man fetur da iskar gas, sai nailan da poliyesta. Akwai kuma na ulu, wato gashin tumaki. Sanin wanne ke gabanka shi zai gaya maka yadda za ka wanke shi da inda zai yi amfani.

Gwajin ruwa ya fi sauƙi. Tsinko ɗan zare daga sama, ba tare da bayansa ba, ka sa a kofin ruwa mai ɗigon sabulu, ka danna shi ƙasa ya jiƙe sosai. Polifirofilin ya fi ruwa rashin nauyi, zai taso. Nailan da poliyesta da ulu za su nutse. Don raba ulu da sauran biyun, fita waje, riƙe zaren da hantsaki, ka kusantar da ashana, ruwa na kusa da kai. Ulu yana warin ƙonannen gashi, ba ya son kama wuta, tokarsa tana murƙushewa a yatsa. Zaren roba narkewa yake yi, ya dunƙule ya zama ɗan ƙwallo mai tauri.

Polifirofilin ba ya shan ruwa sosai, yana jure wanki, amma rana tana cinye shi a hankali kuma yana narkewa a zafin da bai wuce digiri 165 ba. Nailan ya fi kowa jure taku, shi ya fi dacewa da matakala da hanyar wucewa. Ulu ba ya son ruwan zafi, ba ya son bilic ko kaɗan, kuma asu na cin sa idan an ajiye shi da datti.

A nan zan ɗan tsaya a kan darduma, domin ita ba mokit ba ce. Tun zamanin da, alhazan Afganistan da Iran da Turkiyya da Buhara sukan zo da dardumar saƙar hannu su sayar a Makka su yi guzuri, don haka tsofaffin gidaje da yawa suna da irinta, wani lokaci an gada ne ba a san darajarta ba. Juya bayanta. Idan zanen ya fito ta baya sarai kamar ta gaba, ƙulle-ƙullen ba su zama daidai wa daida ba, kuma gezar bakinta daga jikin saƙar ta fito ba ɗinka ta aka yi ba, to saƙar hannu ce. Kada wuƙa ta kusance ta ko da ta huje. Kai ta wurin masu sayar da darduma biyu ko uku su gani kafin ka yanke shawara. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kada ka cire shi da wuri

Wannan dabara ce da ke rage kashe kuɗi kuma mutane na mantawa da ita. Kashin da ka riga ka yanke wa hukuncin zubarwa, bar shi a ƙasa har mai fenti da mai gyaran silin su gama. Shi zai tare ɗigar fenti da burbushin siminti da ƙafar tsani, ba sai ka sayi leda ba. Kashin da kake son ceta kuwa, shi ake fara cirewa kafin kowane ma'aikaci ya shigo da bokiti.

Cirewa

Tanadi wuƙar yankan kafet mai reza da sababbin reza da yawa, filaya, ƙarfen kankare fenti mai faɗi, dogon ƙarfe ko katako miƙaƙƙe na jan layi, alli, igiya ko tef mai faɗi, safar hannu mai kauri, da takunkumi mai lambar N95. Takunkumin yadi ba ya tare irin ƙurar da ke kwance ƙarƙashin kafet na shekaru. Yara, da mai asma, da mai juna biyu su bar gidan, ko aƙalla su koma ɗaki mai nisa a rufe ƙofa. Kashe mukayyif ka rufe fuskarsa da leda don kada ya zuƙe ƙurar ya riƙa dawo muku da ita, ka buɗe tagogi. Da bazara aikin nan na bayan sallar Asuba ne. Idan ka ɗauki leburori da za su hau rufi ko su yi lodi a waje, ka tuna dokar ƙasa ta hana aiki cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba.

Share kafet ɗin da injin zuƙar ƙura sosai kafin ka taɓa shi. Kwance ƙarfen alminiyon da ke danne shi a bakin ƙofa, ka ajiye shi gefe da kusoshinsa. Je kusurwar da ta fi nisa da ƙofa, kama da filaya, ka ja sama a hankali. A gidajenmu galibi gam ake shafawa a kan tayil. Idan a gefe-gefe da wurin haɗi kawai aka shafa, ka yi sa'a, zai taso gaba ɗaya. Idan an malale ƙasan duka da gam, sai mutum biyu: ɗaya na ja, ɗaya na tura ƙarfen kankara a ƙarƙashi. Kada a fizga, fizga ce ke raba zare da bayansa.

Kashin da za a ceta, a ciro shi da girmansa gwargwadon iko. Babba yana iya zama ƙarami gobe, ƙarami ba ya komawa babba. Kafet na ɗaki mai mita 4 da 5 yakan kai kilo 30 zuwa 60 gwargwadon kaurinsa, don haka kada mutum ɗaya ya ce zai sauko da shi daga hawa na uku. A naɗe shi, kada a ninke, domin ninki yana karya bayansa ya bar layin da ba ya gogewa. Idan sabon kafet ya riga ya iso, roƙi masu shimfiɗawa su bar maka bututun kwalin da ke tsakiyar naɗin, ka naɗe tsohon a kai.

Kashin da za a zubar kuma, yanka shi dogo-dogo faɗin mita ɗaya. Ɗaga shi ka yanka ta baya, reza ta fi tafiya a can kuma ba za ta karce tayil ba. Ka riƙa jan wuƙa nesa da gwiwarka da ɗaya hannun. Reza ta fara tirjiya, canja ta, dakusasshiyar reza ce ke zamewa ta yanki mutum. Naɗe kowane yanki ka ɗaure. Na kuɗin cizo da na funfuna a sa su a leda a liƙe bakinta tun a cikin ɗakin, don kada a bi matakala ana rabawa maƙwabta.

Idan akwai soso a ƙarƙashi, matsa shi da yatsa. Wanda ya dawo da sauri yana da amfani, wanda ya zama gari a tattara a leda.

Gam ɗin da ya rage a ƙasa

Zuba ruwan ɗumi mai sabulun wanke-wanke, rufe da tsumma jiƙaƙƙe na rabin awa, sannan ka kankare. Sai an maimaita, babu gajeriyar hanya mai lafiya. Na san ana amfani da fetur ko tina saboda sauri, kuma ina roƙo a bari. Tururinsu ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa ya bi ta ƙarƙashin ƙofa har kicin inda tukunyar gas take, tartsatsin makunnin fitila ya isa ya tayar da gobara. Idan gam ya gagara, akwai maganin cire gam na musamman a shagunan kayan gini, a yi aiki da shi taga a buɗe. Haka kuma kada a taɓa haɗa bilic irin Clorox da maganin wanke banɗaki irin Flash wajen wanke ƙasa, haɗin yana fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu. Lambar 'yan kwana-kwana 998 ce, ta motar asibiti 997.

Idan ƙasan marmara ce, ko tsohon tayil mai tsakuwa-tsakuwa da aka san gidajen da da shi, kada ka zuba khal, wato binega, ko wani abu mai tsami, yana cinye ƙyallinsa. Idan kuwa a tsohon gini ka ɗaga kafet ka tarar da ƙananan falle-fallen leda masu tauri da baƙin gam kamar kwalta a ƙarƙashinsu, dakata. Irin waɗannan a da akan haɗa su da asbestos, wanda Saudiyya ta haramta a 1998 saboda ƙurarsa na jawo cutar daji a huhu. Muddin ba a fasa shi ba, ba ya tashi. Kada ka goge shi da inji, kada ka farfasa. Sanar da mai gida, a shimfiɗa sabon abu a kansa ko a nemo masu aikin da suka san shi.

Wanki da tsarki

Duk abin da zai koma cikin ɗaki, naka ko na wani, sai an wanke. Babban yanki ka kai wa masu wankin kafet, da mita suke lissafi kuma suna da injin matse ruwa, wanda shi ne abin da gida ba shi da shi. Ka tambayi kuɗin kafin ka kai, ka gwada da darajar kafet ɗin. Ƙananan yankuna kuwa rufin gida ya isa. Rataya a kan katanga ka bubbuge ta baya da sanda har ƙura ta daina fita. Shimfiɗa, jiƙa, goge da buroshi da sabulu kaɗan, ka bi kwanciyar gashin. Sabulu mai yawa ba ya fita duka, kuma ragowarsa ce ke kama datti daga baya. Ɗauraye har ruwan ya fito garau, ka tura ruwan da katakon goge tayil. Ka lura da inda ruwan ke zuwa, domin baladiyya, wato hukumar birni, na cin tarar wanda ya saki ruwa a titi, ga kuma ruwan nan da tsada ake tace shi daga teku.

Gidan da ke da yara ba ya rasa fitsari a kafet. Idan kana nufin a yi salla a kan wani yanki, zaɓi wanda ka san tarihinsa, ka kuma zuba masa ruwa mai tsarki ya ratsa ya fita ta ƙasa har launi da warin najasa su gushe. Shafa turare a kai ba tsarki ba ne. Warin da ya rage bayan wanki, barbaɗa bikarbonat idan ya bushe, a bar shi ya kwana, a zuƙe da inji.

Shanya shi a kan wani abu da iska za ta bi ta ƙasa da sama. A Makka yini ɗaya yakan isa, a Jidda ka ƙara masa lokaci kuma ka shigar da shi kafin raɓar dare. Taɓa bayansa, ba gashin ba. Idan da sauran sanyin danshi, bai bushe ba.

Yanka da lissafi

Juya shi ta baya, ka zana duk abin da kake so da alli kafin ka yanka ko ɗaya, manya tukuna sannan ƙanana a ragowar. Babban yanki mai kyau yakan ba da shimfiɗar tsakiyar ɗaki ta mita 2 da 3, ko ya malale ɗakin yara ko sito. Dogon gefen da ya kwana ƙarƙashin kujerun majalisa, wanda kusan ba a taka ba, shi ne na hanyar wucewa, faɗin santimita 80. Santimita 70 da 120 ya yi abin salla na shago ko gareji. Santimita 50 da 80 ya yi na bakin ƙofa.

Bakin da aka yanka yana buƙatar ɗauri, in ba haka ba zai yi ta zarewa, musamman kafet mai zaren madauki. Shagunan kafet suna da injin ɗinke baki, ka ce musu habka kake so, da mita suke caji. Wannan ɗinkin shi ke mayar da guntu ya zama abin da za a shimfiɗa wa baƙo ba kunya. A gida kuma za ka iya naɗe bakin da ƙyallen yadi mai ƙarfi ka ɗinke da basilla, ko ka shafa farin gam na kafinta a bakin ya bushe. Ƙaramin kafet a kan tayil yana santsi, kuma faɗuwar tsoho ba ƙaramin abu ba ce. Sa ragar roba a ƙarƙashi, ko ka ja layukan silikon a bayansa ka bari su bushe kafin ka shimfiɗa.

Ajiye guntu ɗaya mai kyau don faci. Garwashin kaskon turaren wuta ya huda kafet da yawa a majalisunmu. Idan ramin ɗaya ne ko biyu, wataƙila ma ba ka buƙatar sabon kafet: yanke wurin ƙunar murabba'i, ka ɗora shi a kan guntun da ka ciro daga bayan kabad ka yanko daidai girmansa, ka daidaita kwanciyar gashin su fuskanci gefe ɗaya, ka liƙa da tef mai gam fuska biyu, ka ɗora abu mai nauyi ya kwana.

Kashi na biyu, wanda bai kai shimfiɗar ɗaki ba, aikinsa na da yawa. Tun a gyaran nan, kifa ƙananan guntaye ƙarƙashin ƙafafun kabad ko firij, gashin na kallon tayil, sai ka tura su cikin sauƙi ba karce. Ninki biyu ya zama matashin gwiwa ga mai sa tayil ko bakanike. But ɗin mota, bayan dabbab, ƙaramar motar nan ta ɗaukar kaya, bangon gareji inda ƙofar mota ke bugawa, duk suna so. Siririn yanki a ƙasan ƙofar waje yana tare ƙura ranar iska. Masu fita daji da sanyi su kafa tanti, da masu shimfiɗa buɗa-baki a ƙofar gida, sun san darajar kafet ɗin da ba a jin tsoron ya ɓaci. Tankin ruwa na rufi da bututunsa, waɗanda ke mayar da ruwan famfo tafasasshe da azahar, idan aka naɗe su da soso da kafet aka ɗaure zafin yana raguwa. Sai dai rana za ta cinye shi, ka duba shi duk shekara ka cire kafin ya fara zuba gari, kuma kada ya rufe murfin tanki ko ya taɓa famfon lantarki.

Wuraren da ba a kai shi: kusa da murhu, da hitar ruwa, da wayoyin wuta. Turken awaki ma a'a, suna tsinkar zaren su haɗiye ya cushe musu ciki. A lambu, kafet na roba yana farfashewa ya bar burbushin roba a ƙasar da ake shuka abinci, don haka a tsaya ga na ulu zalla idan ana son danne ciyawa.

Bayarwa, sayarwa, ko aikawa gida

Fara da na kusa. Sabon ango, wanda ya tare bai gama kayan ɗaki ba, ɗalibai, mai gadin gini, makarantar allo ta unguwa. Ka faɗi aibin da bakinka: "Hajiya, ga kafet mita 3 da 4, an wanke, amma akwai tabon shayi ta gefe ɗaya. Ki aiko a duba, in bai yi miki ba babu komai." Masallaci kuwa kada ka kai ka ajiye kawai, ka tambayi liman tukuna, domin masallatan ƙasar nan suna ƙarƙashin ma'aikatar harkokin addini kuma shimfiɗarsu da tsarinta. Ƙungiyoyin agaji masu rajista da ke karɓar kayan ɗaki sukan nemi hoto kafin su turo mota.

Mai son sayarwa yana da manhajar Haraj, da kasuwar Harajin Sawarik a kudancin Jidda, da ta Mu'aisim a Makka. Rubuta tsawo da faɗi, ka ɗauki hoto da hasken rana har da wurin tabon. Kada ka sa rai da kuɗi mai yawa a kan mokit, sau da yawa ribar ita ce mai saye ya zo da motarsa ya ɗauke maka nauyi.

Aikawa Kano ko Damagaram ta kargo kuwa, yi lissafi da kilo kafin zuciya ta ɗebe ka. Kuɗin dakon tsohon mokit yakan fi na sayen sabo a can, ga shi kafet ya daɗe a jerin kayan da kwastam ta Najeriya ta hana shigowa da su. Tambayi mai kargo tun kafin ka ɗaure kaya.

Abin da ya rage

Kafet abu ne mai wuyar narkarwa a masana'anta saboda hawa-hawa ne: zare a sama, saƙar roba a tsakiya, gam da aka cakuɗa da garin alli, sannan wani bayan. Raba su na cin kuɗi. A Turai da Amurka akwai masana'antun da ke mayar da wani nau'in nailan ya koma sabon zare, wani kuma a ƙona shi a tanderun siminti a madadin mai. Saudiyya ta kafa kamfanin SIRC na sake sarrafa shara a 2017, da cibiyar kula da shara ta ƙasa, Mawan, a 2019, ta kuma fitar da sabuwar dokar shara a 2021. Abin da ke hannun magidanci a cikin wannan shi ne ya rage yawan abin da zai fita, sauran kuma ya fitar da shi a bushe, a ɗaure, a ware da ragowar abinci.

Idan gyaran babba ne kuma an ajiye akwatin ɓaraguzan gini a ƙofar gida, tambayi kamfanin ko suna karɓar kafet a ciki. Idan babu, kira 940 ko ka shiga manhajar Balady ka nemi bayanin yadda ake ɗaukar manyan kaya a unguwarku. Kada ka cusa shi a akwatin shara na lungu ya toshe wa kowa, kada ka yar a fili ko bakin kwari inda zai tare hanyar ruwa. Ƙonawa kuwa babu ita sam, hayaƙin roba da gam guba ne ga mai ƙonawar da maƙwabtansa. Kafet mai kuɗin cizo ko najasa, ka tsattsaga shi da wuƙa kafin ka sa a leda, ka rubuta a jiki da Larabci da Hausa cewa akwai ƙwari, domin akwai bayin Allah da ke duba kayan da aka ajiye a bakin shara su kai gida. Ƙarfen alminiyon na bakin ƙofa, idan bai lanƙwashe ba ya koma kan sabon kafet, idan ya lalace masu sayen ƙarafa suna so.

Ranar da masu shimfiɗa sabon suka zo, ka ce su shafa gam a gefe da wurin haɗi kawai, ko su yi amfani da tef, matuƙar ɗakin ba mai yawan zirga-zirga ba ne. Karɓi duk guntayen da suka rage ka naɗe su wuri mai bushewa, ka rubuta irin zaren da shekarar da aka shimfiɗa a bayan ɗaya daga ciki.